Bashin Waya da Amanar Lambobin Mutane

 

Ya 'yan'uwana mata, akwai wata fitina da ta shigo mana har cikin ɗaki ta wayar hannu, wato manhajojin bayar da bashi. Mace na zaune, biki ya matso ko yaro ba lafiya, sai ta ga talla: karɓi dubu ashirin yanzu, ba jingina, ba shaida. Kafin a tura kuɗin sai manhajar ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayar, wani lokaci har da hotuna. Ita kuwa hankalinta na kan kuɗi, sai ta danna amincewa.

To a nan gizo ke saƙar. Waɗannan lambobi ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai ta maigida, ta surukarki, ta malamar Islamiyyarku, ta ƙawar da ta ba ki lambarta don ta yarda da ke. Amana ce kika miƙa wa wanda ba ki taɓa gani ba. Ranar da wa'adi ya cika, galibi mako ɗaya ko biyu, idan ba a biya ba sai su fara aika wa mutanen nan saƙo cewa wance ɓarauniya ce. Wasu kan haɗa da hotonta. An ma samu waɗanda suka yaɗa sanarwar rasuwar mutum alhali yana raye. Wane aure ne zai zauna lafiya bayan irin wannan saƙo ya isa wayar dangin miji?

Hukuma ta san da zancen. A shekarar 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane, a shekarar kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Amma masu son zuciya ba sa rasa hanya. Sukan turo manhajar ta WhatsApp ko ta saƙon tes. Kada ki buɗe.

Mu dawo ga addini. Musulunci bai ɗauki bashi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawar wani mai bashi, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Don haka wadda ta ci bashi ta sauya layi ta ce ta huta, ba ta huta ba. Mai hali ya riƙa jan biya zalunci ne.

Sai dai shi ma mai bin bashi an yi masa iyaka. Aya ta 280 a wannan sura ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana binciken sirrin mutane da giba. Yana da haƙƙin ya nemi kuɗinsa, har ya kai ƙara gaban alƙali, amma ba shi da haƙƙin mutuncinki. Wannan ya shafi har mu ya mu. Uwar adashi ko dillaliyar da ke ɗora sunan wadda take bi a dandalin matan unguwa, ko ta karɓi wayarta tana leƙa saƙonni wai tana neman shaidar ta samu kuɗi, me ya raba ta da waɗancan? Ga kuma babbar magana: bashin manhajojin nan da kuɗin ruwa yake tafiya, riba ce tsagwaronta, wadda ayoyin da suka gabaci waɗannan suka yi mata kashedi mai tsanani.

Wadda ta riga ta faɗa ciki, ta fara da tuba, sannan ta gaya wa maigida tun kafin ya ji a waje. Na san abin da nauyi, amma jinsa daga bakinki ya fi sauƙi. Ki shiga saitin waya ki janye izinin da kika ba manhajar, ko da yake abin da suka riga suka kwasa ya tafi. Kada ki goge saƙonnin barazana, ki adana su, su ne hujjarki idan za a kai kuka FCCPC ko hukumar kare bayanai ta NDPC. Kada ki ci wani bashin don ki biya wannan. Ki yi ƙoƙarin mayar da uwar kuɗin, abin da ya shafi ruwan da suka ɗora kuma ki tambayi malami amintacce.

Ke kuma da saƙon ya shigo wayarki a kan wata 'yar'uwa, kada ki tura wa kowa, ko da da sunan jaje. Ki kira ta a keɓe ki ji nawa ne ya rage. Mabarta suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka, don haka idan ƙungiyarku na da asusun taimako, ki kai wa Amira maganar ba tare da sauran mata sun ji sunanta ba.