Sarƙar Wuyan Kare: Horo Ne Ko Azaba?

Duk wanda ya saba yawon yamma a unguwannin masu hali na Ikko ko Ibadan, ba zai rasa ganin mutum riƙe da igiya, ƙaton kare yana jan sa kamar zai kayar da shi ba. Wannan ƙaramin al'amari ya haifar da babbar muhawara a ƙasashen Turai, kuma muna ganin ya cancanci mu yi masa tsokaci, domin a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya: shin ya halatta mu sayi biyayya da ciwo?

Da farko, ya kamata mu san dalilin jan. Kare ya fi mutum sauri, kuma hancinsa ne jagoransa. In ya ja igiya sau ɗaya ya isa inda yake so, ya koyi cewa ja yana biyan buƙata. Ke nan ba taurin kai ba ne, darasi ne da mai shi ya koya masa ba da saninsa ba.

Domin maganin wannan, an ƙera abubuwa iri uku da ake sanya wa a wuya. Akwai sarƙa mai zarge, wadda ke shaƙe kare gwargwadon jan da ya yi. Akwai mai haƙoran ƙarfe da ke tsunkular fata. Sai kuma mai lantarki, wadda mai kare ke latsawa daga nesa ta ɗana wa dabbar wuta. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai lantarkin a shekarar 2010, Holan ta bi sahu a 2022, shekarar da Jamus ita ma ta hana amfani da mai haƙora wajen horo.

Masu goyon bayan waɗannan kayayyaki suna da hujjar da ba za mu yi watsi da ita ba. Sukan ce ƙaƙƙarfan kare zai iya jan tsoho ko yaro zuwa gaban mota, kuma ciwon ƙiftawar ido ya fi asarar rai sauƙi. Sukan ƙara da cewa karen da ya gagari mai shi, ƙarshensa ɗauri na har abada a bayan gida, ko a yar da shi. Mu ma da muka taso muna ganin linzami a bakin doki da akala a kan raƙumi, mun san cewa sarrafa dabba mai ƙarfi ba wasa ba ne.

Sai dai akwai abin dubawa. Ciwo yana faɗa wa dabba ta daina, amma ba ya nuna mata abin da za ta yi a maimakon haka. Bugu da ƙari, tun binciken masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya rasu a 1936, an san cewa kare yana danganta abubuwa biyu da suka zo masa a lokaci guda. In sarƙa ta cije shi daidai lokacin da ya hangi yaro, yana iya ɗaukar yaron a matsayin tushen ciwon. Sai a wayi gari an magance ja, an haifar da cizo. Ga shi kuma wuya mazaunin maƙogwaro ne, ba wurin da ya dace da shaƙa ba.

Akwai wata hanyar. Da zarar igiya ta ɗame, sai mai kare ya tsaya cik. In ta saki, ya ci gaba da tafiya, ya ba shi ɗan abin taɓawa. Wanda ke tsoron a kayar da shi yana iya amfani da ɗamarar da ake ɗaura wa a ƙirji, wadda ke juyo da kare gefe ba tare da shaƙa ba. Aibin wannan hanya ɗaya ne: tana cin makonni. A nan ne gaskiyar ta fito fili. Sau da yawa ba tsaron rai ne ke sa mu zaɓi sarƙa ba, gajen haƙurinmu ne, kuma wuyan dabbar ne ke biyan bashin gaggawarmu.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ƙarfi yana da gurbi a lokacin kawar da haɗari na nan take, amma ba shi da gurbi a matsayin hanyar koyarwa, muddin akwai wadda ta fi shi sauƙi ga wanda ake koya wa. Yawancinmu da ke wannan sashe gobe za mu tsaya gaban aji, wasu kuma tuni suna da 'ya'ya a gida. Za mu sami yaron da ke jan igiya, bulala kuwa tana kusa da hannu. Kafin mu ɗaga ta, ya dace mu tambayi kanmu ko yaron ne ya ƙi koyo, ko mu ne muka gaji da koyarwa. Biyayyar da aka gina a kan tsoro takan ƙare ranar da aka kwance sarƙa, alhali Bahaushe ya daɗe da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.