Tsutsar Cikin Ganye da Sirrin Arziki

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasashen Turai akwai wata shuka mai yaɗo da furanni masu ƙamshi, masana na kiranta Lonicera. Allah ya ajiye arzikin wasu ƙananan halittu a jikinta. Akwai wani ɗan ƙuda da ke saka ƙwansa a ganyenta. Idan tsutsa ta ƙyanƙyashe, sai ta zauna tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, tana ci tana gaba, tana barin farin zane a bayanta, irin wanda masu lambu ke gani a ganyen tumatir. Akwai kuma ɗan malam-buɗe-littafi na dare, faɗinsa bai kai santimita 2 ba, kowane fiffikensa ya tsage gida 6 kamar gashin tsuntsu. Tasa tsutsar a cikin tohon furen take kiwo.

Waɗannan tsutsotsi ba su da gona ba su da rumbu. Tun suna cikin ƙwai aka ɗora su a kan abincinsu. Suratu Hud ta tabbatar cewa arzikin kowace dabba yana wuyan Allah, Suratul Hajji kuma ta buga misali da ƙuda don nuna gazawar duk abin da ake bauta wa baicin Shi.

To ina dalilin muridin da tsoron talauci zai sa ya bar lazimi da wazifa, ko ya miƙa hannu ga haram? Matashi ya gama karatu, aiki bai samu ba, sai Shaiɗan ya raya masa cewa an manta da shi. Wanda bai manta da tsutsa a cikin ganye ba, ba zai manta da bawan da ke ambatonsa safe da yamma ba.

Sai dai tawakkali ba zaman banza ba ne. Tsutsar nan da bakinta take huda hanyarta, kuma zanen yana ƙara faɗi gwargwadon girmanta. Haka muridi na gaskiya: hannunsa na kan sana'a, zuciyarsa na ga Mai azurtawa, buɗi na zuwa a kan lokacinsa.

Allah ya azurta bayinsa da halal, ya cire musu tsoron gobe, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.