Mai Zane Ma Yana Iya Wa'azi



Wai duk zane haramun ne? A'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya nemi fatawa wajen Abdullahi ɗan Abbas (RA). Ya tsoratar da shi game da surar mai rai, sannan ya nuna masa mafita: itatuwa da abin da ba shi da rai.

To kun ga ƙofa a buɗe take. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ɗora ɓarnar tudu da teku a kan aikin hannayen mutane. Ga shi kuwa muna gani: Tafkin Chadi ya janye, hamada na cin gonaki, leda ta toshe magudanan ruwa.

Matashi, in Allah Ya hore maka baiwar zane, ɗauki fenti. Zana mana rijiyar da ta ƙafe, da kututturen itacen da aka sare don gawayi, da ajin da ba rufi. Wanda bai iya karatu ba ma zai gane. Amma fa ka nemi izinin mai bango, kada ka zana ƙarya, kada ka ci mutuncin kowa.

Allah Ya sa mu dace.