Kamun Baki da Ciwon Ƙin Abinci

A Kafanchan da kewaye, Musulmi da Kirista duk suna girmama mai iya danne sha'awar ciki, ko a watan Ramadan ko a azumin kwana 40 na gabanin Ista. To amma duk mai kame baki ne ya mallaki zuciyarsa?

Ciwon anoreksiya ya nuna ba haka abin yake ba. Mai shi kan ture kwanon tuwon acca alhali yunwa na cin sa, saboda tsoron ƙiba. A 2012, wani bincike na Jami'ar Kolumbiya a Amurka ya gano cewa masu ciwon sun fi masu lafiya jure jiran lada mai tsoka maimakon karɓar kaɗan nan take. Haƙuri ne a ido, amma tilas ce, don ko sun so ci ba sa iyawa. Masu wani ciwon da ake kira bulimiya kuwa sukan yi cin wuce kima, sannan su jawo amai.

Saɓanin haka, azumin ibada yana da lokacin buɗa baki. Musulunci ya hana ɗore azumi ba ci, ya kuma ɗauke wa majinyaci nauyinsa; Cocin Katolika ma ba ta ɗora wa marar lafiya. Mai ciwon anoreksiya ko bulimiya likita yake buƙata, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.