Iskar Kudu Mai Laushi

Ɗan'uwa, mu da muke zaune a Sakkwato ba mutanen teku ba ne, amma mun san iska. Mun san wadda ke tasowa daga arewa maso gabas da hunturu, ta rufe rana da ƙura. Daga wannan kusurwa guguwar da ta farfasa jirgin Manzo Bulus ta fito, kamar yadda Luka ya ba da labari a Ayyukan Manzanni sura 27. Kafin guguwar, sau biyu mutanen jirgin suka tsaya zaɓen hanya a gaɓar tsibirin Karita.

Karita doguwa ce, kimanin kilomita 260 daga gabas zuwa yamma, ta fi nisan Sakkwato zuwa Gusau. Jirgin Iskandariya ne mai ɗauke da alkama zuwa Italiya, da mutum 276 a ciki. Da suka kai daura da Kinidas, iska ta hana su miƙewa yamma ta arewacin tsibirin. Sai matuƙi ya karkata, ya zaga ta Salmoni a ƙarshen gabas, ya bi gaɓar kudu inda duwatsu ke kare iska. Tafiya ta yi nauyi, kwanaki suka tafi, amma ba a rasa kowa ba. Zagaye ba ragonci ba ne. Wanda ya ga ƙofa a rufe ya nemi wata bai yi rashin bangaskiya ba.

Zaɓi na biyu ya fi wuya domin ƙarami ne. Suna Amintacciyar Mafaka, kusa da Lasiya, Azumin Ranar Kafara ya wuce, wato an shiga watannin da matuƙan zamanin ke tsoron teku. Tashar ba ta dace da zaman hunturu ba. Finikiya, wata tasha a wannan gaɓar, ta fi ta, kuma nisanta bai kai na Sakkwato zuwa Illela ba. Matuƙi ya ce a tafi, mai jirgi ya ce a tafi, mafi yawan mutane suka yarda. Ɗan sarƙa ɗaya ya ce a zauna. Yuliyas jarumin soja ya bi masana.

Kada ka yi saurin hukunta shi. Da kai ne, wa za ka saurara? Sai dai Bulus ba baƙon ruwa ba ne. Tun kafin wannan tafiya ya rubuta wa Korantiyawa cewa sau uku jirgi ya fashe da shi. An duba sarƙar hannunsa, ba a duba abin da ya sani ba. Haka muke yi a majalisar ikkilisiya idan gwauruwa ko matashi ya ɗaga hannu.

Sannan iskar kudu ta fara busawa a hankali, suka ɗauka bukata ta biya. Nan ne zuciyata take tsayawa. Sau nawa ka ji mai bi yana cewa, tun da hanya ta buɗe da sauƙi, ai nufin Allah ne? Bashi ya samu ba wahala, dangin yarinya sun amince nan take, an yi alkawarin aiki a ƙetare ba tare da tambaya ba. Iskar da ta tsare su a Kinidas ba fushin Ubangiji ba ce, wadda ta lallashe su a Lasiya kuma ba izininsa ba ce. Mai son tafiya yakan karanta amincewa a kowace iska. 'Yan kilomitoci kaɗan yamma da tashar, gaɓa ta lanƙwashe arewa, kariya ta ƙare, guguwa ta gangaro daga duwatsun tsibirin ta fizge su.

Ka kuma tambayi kanka, wa ya yanke shawara, wa ya ɗauki hatsarinta? Mai jirgi yana lissafin alkamarsa da tashar da za ta fi masa. 'Yan sarƙa ba su da ta cewa, amma ruwa ɗaya ya shiga musu. Duk wanda ya ga kwale-kwale maƙare da mata da yara da buhuna a kogin Rima ranar kasuwa ya san wannan lissafi: mai karɓar kuɗi yana cewa tsallake ne kawai. Kai maigida, kai dattijon ikkilisiya, akwai waɗanda ke cikin jirginka da ba ka taɓa tambayarsu ba.

Dare 14 suna yawo a teku. Suka zubar da kaya, da kayan aikin jirgi, daga baya har alkamar. Ba su ga Finikiya ba. Allah cikin jinƙansa ya fid da dukan 276 a Malita, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katakai. Wata 3 suka yi a can, sannan suka tashi cikin wani jirgin Iskandariya da ya yi zaman hunturunsa a tashar tsibirin yana jira.