Ko Ya Kamata Mai Jiyya Ta Kusanci Cuta Mai Kisa?

A shekara ta 1969 wata mai jiyya, Laura Wine, ta kamu da baƙon zazzaɓi a garin Lassa. Aka kai ta asibitin Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw wadda ta yi jiyyarta ta ɗauki cutar, ita ma ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, ta warke, har da ruwan jininta aka ceci wani likita a Amurka.

Hatsarin nan bai ƙare ba. 'Yar Tudun Wada da ta ke aiki a Babban Asibitin Minna ta kan karɓi mai zazzaɓi tun ba a san sunan cutarsa ba. Idan ta guje shi, wa zai ba shi ruwa? Idan kuwa ta taɓa jininsa da hannu tsirara, za ta iya kai cutar ga 'ya'yanta. Saboda haka ƙauna mai hankali ta kan sa safar hannu tukuna, sa'an nan ta matso. Ladanta shi ne ganin wanda aka kawo a kwance ya koma gida da ƙafarsa.

Ku karanta Luka 10:30-37. Da me ikilisiyarku za ta taimaki masu jiyya na cikinta?