Wai Sautin Na Waye, Mawaƙi Ko Mai Kunne?

Ka taɓa jin labarin mutanen da za su sayi hedifon mai tsada, maimakon su lallaɓa shi, sai su ɗauko sukudireba su farke cikinsa? A Amurka da Jamus da Japan akwai masu wannan sha'awa. Wasunsu gyara kawai suke yi, irin na mai gyaran rediyon bakin kasuwa: waya ta tsinke, a narka dalma a liƙe, soson kunne ya lotse, a sa sabo. Wannan ba abin musu a ciki. Kamfanin Sennheiser na Jamus ma da ya fito da HD 600 a 1997, ya ƙera shi ne yadda za ka zare wayar da soson da hannunka ka canza.

Waɗanda suka dame ni su ne kashi na biyu, masu taɓa abin da lafiyarsa ƙalau. Hedifon ɗin da suka fi yi wa wannan aika-aika shi ne T50RP na kamfanin Fostex. Sai su buɗe ƙoƙon, su cusa auduga, su manna ƙyalle mai kauri a bayan 'yar lasifikar, wasu har da yumɓun wasan yara don ƙoƙon ya daina rawa. Da an rufe, sauti ya sauya: amon ƙasa ya ƙara kauri, ko kaifin da ke soke kunne ya lafa.

To a nan tambayar take. Mawaƙi ya shiga situdiyo, shi da mai haɗa sauti sun kwana suna auna ƙarfin murya da na kiɗa har suka ce ya yi. Kai kuma ka zo da audugarka ka ƙara nan, ka rage can. Ba ka ci amanarsu ba kuwa? Marubuci dai ba zai yarda ka sayi littafinsa ka bi shi da biro kana canza maganganun jaruma ba. Abin dariyar ma, su masu wannan sha'awa kullum da'awarsu ita ce suna neman sauti na gaskiya, kamar yadda ya fito daga bakin mai shi.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ni ba ta kayar da ni ba. Ina shi asalin sautin yake? Mai haɗa sauti da nasa lasifikokin ya ji, a ɗakinsa, da nasa kunnen. Kai ba ka da ko ɗaya cikin ukun. Kunnen yaro lafiyayye yana kama kaɗawar sauti daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma shekaru na ja, na saman yana zubewa. Ka ga kenan dattijo da jikansa ba waƙa ɗaya suke ji ba ko da hedifon ɗaya suke karɓa-karɓa. Shi kansa hedifon ɗin da ba a taɓa ba, soso na tsufa sautinsa na gocewa. Waƙoƙin finafinanmu fa? Yawancinmu a rediyon mota ko a waya muke jin su, kuma ban ji mawaƙin da ya kai ƙara ba. Littafi kalmominsa suna nan daram a takarda. Sauti kuwa sai ya bi ta wani abu kafin ya iso gare ka, kuma duk abin da ya bi ta cikinsa sai ya shafa masa launinsa.

Saboda haka in mutum ya gyara abinsa don kunnensa, da kuɗinsa, ban ga laifinsa ba. Iyaka dai ya yi hattara da gyaran gangar Auzinawa. Ka dubi tsofaffin kaset ɗin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ka cika musu amon ƙasa, kalangu ya koma kamar ana dukan buhu, muryar ta nutse. Asarar taka ce, Shata bai rage komai ba.

Inda amana ke shigowa da gaske shi ne a baki. Cewa "haka na fi so" daban, cewa "haka yake" daban. Binciken da Sean Olive ya jagoranta a kamfanin Harman ya nuna yawancin masu sauraro sun fi son a ɗan ƙara amon ƙasa, kuma ba kowa ne ke son ma'auni ɗaya ba. Zance ne na so. Amma sai ka ji wani ya ɗauki sonsa ya raɗa masa suna gaskiya, yana raina mai 'yar iyafis mai araha, ko ya sayar maka da wayar da ta fi hedifon ɗin tsada yana rantsuwa za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Mafi muni shi ne wanda zai farke abu, ya cusa abin da ya cusa, ya rufe, ya sayar maka a matsayin yadda ya fito daga kamfani. Wannan algus ne, ko da kuwa sautin ya fi na da daɗi, domin ba a bar ka ka zaɓa ba.

Wani Ba'amurke, Dan Clark, da irin wannan farke-farken T50RP ya fara. Ya sa wa nasa suna Mad Dog, ya shaida wa masu saye cewa na Fostex ne ya sake wa ciki, suka saya da saninsu. Daga baya ya koma ƙera nasa tun daga tushe, kuma tun 2019 kamfanin da sunansa yake amsawa.